Kafin Ka Buɗe Fitilar Motar Mutane

Duk wanda yake bin hanya mai falle ɗaya da dare, ta Kano zuwa Haɗeja ce ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, ya san irin wutar da zan yi magana a kai. Mota za ta ɓullo daga gaba da haske fari fat mai ratsin shuɗi, ya cika maka ido. Ka yi mata filashin, mai ita ya mayar maka da wanda ya fi, don ka san wancan ma dim ce. Na ɗan lokaci ba ka ganin bakin kwalta, ba ka ganin mai keke, ba ka ganin tirelar da ta mutu aka jera mata ganye a baya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku ke nan ka yi sama da mita 60 a makance, da iyalinka a cikin mota.

Wani yaro ne a gareji ya sa wannan wuta, wani saurayi kuma ya biya aka sa masa. Da ku biyun nake, ƙannena: kai da kake koyon rewaya a wurin maigidanka, da kai da Allah ya hore wa Camry ko Honda kake son a san ka shigo layi. Ba zan hana ku gyara fitila ba. Hanyoyinmu babu fitilun titi, ramuka sun yi yawa, dabbobi na tsallakawa, son ƙarin haske ba laifi ba ne. Sai dai aikin yana da haƙƙi biyu a wuyan mai yin sa: haƙƙin mutumin da zai taho daga gaba, wanda ba a shawarce shi ba, da haƙƙin mai motar, wanda ba zai taɓa ganin abin da ka liƙe a ciki ba.

Mu fara da abin da aka fi yi, don shi ne mafi araha kuma mafi ɓarna. A cire ƙwan halojin na asali, a cusa ƙwan zenon ko na LED a cikin tsohon kwanon, a karɓi kuɗi cikin rabin awa. Kwanon nan mai sheƙi da ke cikin fitila, waɗanda suka ƙera shi sun lissafa kowace lanƙwasa tasa ne a kan ɗan siririn zaren ƙarfe guda ɗaya da ke ci a cikin ƙwan halojin, wanda tsawonsa 'yan milimita ne, kuma yana zaune a wuri ɗaya tak. Idan tushen hasken ya kauce da milimita ɗaya ko biyu, ko siffarsa ta canza, kwanon zai aika haske inda ba a nufa ba. Zenon ba shi da zare, tartsatsi ne ke tsallake tsakanin tsinke biyu a lanƙwashe. Na LED kuma ɓangarori biyu yake haskawa, da kaurin allo a tsakani. Ga kuma yawa: dim ɗin ƙwan H4 yana ba da wajen lumen 1,000, zenon mai wat 35 kuwa ya haura 3,000. Ka ninka haske sau uku, ka zuba shi a kwanon da bai san inda zai kai shi ba.

Mai motar zai tafi yana murna, don gaban bambarsa ya yi fari tas har allura yana gani. Bai san cewa wannan farin da ke kusa shi ke tsuke masa ƙwayar ido ba, har nesa ta ƙara yi masa duhu, alhali nesa ce yake bukata idan yana gudu. Shi bai ƙaru ba, na gabansa ya cutu. Dattijo kuma, ko mai yanar ido, ya fi ku daɗewa kafin ganinsa ya dawo bayan an dalle shi.

Furojekta an yi ta ne don maganin wannan. Ƙaramin kwano ne a baya, sai faranti na ƙarfe a tsakiya da ke tare wani ɓangare na hasken, sai gilashi mai kauri a gaba da ke tattara sauran ya shimfiɗa shi a kan titi. Idan ka haska bango da ita za ka ga layi a miƙe kamar an ja da rula: ƙasansa haske, samansa duhu. Wannan layin shi ne dukan amfaninta. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da irin wannan fitila a manyan motocinsa samfurin 7 a 1986, a 1991 kuma ya sa musu zenon. Daga baya masu ƙera ƙwai suka raba ƙwan zenon gida biyu: D2S na furojekta, D2R na kwano, wanda aka shafa wa baƙin fenti a wasu wurare don ya tare hasken da zai tashi sama. Su da suka ƙirƙiro abin ba su yarda a sa kowane ƙwai a kowace fitila ba.

To amma furojektar ma ba kowace ce tamu ba, kuma nan ne na ga ƙwararru da yawa suna tuntuɓe. Layin da na ambata yana da ɗan tudu a tsakiya: gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. An yi haka ne don gefen da ke kallon bakin hanya ya kai nesa, direba ya hango mai tafiya a ƙasa da allon hanya, gefen da ke kallon motoci masu zuwa kuma ya yi ƙasa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo baya a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi dama can a dama suke. Ke nan furojektar da ta dace da mu ita ce wadda layinta ya ɗaga ta dama. Japan da Ingila da Indiya da Afirka ta Kudu a hagu suke tuƙi, tasu ta hagu take ɗagawa. Kayan gyara kuwa daga ko'ina suke shigowa kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo, a cikin kwantena ɗaya. Ka sayi furojekta mai kyau, ta Koito ko Hella ko Stanley, tsaf da ita, amma an ciro ta daga motar Ingila, ka sa wa mutum: tudun hasken ya tafi kai tsaye cikin idon duk wanda ya taho, bakin hanyar da ake so a gani kuma ya zauna a duhu. Babu saitin da zai gyara wannan. Don haka kada ka biya kuɗi sai ka jona ta da batir ka haska bangon shagon, ko da rana ce ka nemi lungu. Idan ta intanet za ka yi oda, nemi wadda aka rubuta wa LHD. Fitilun da aka yi bisa ƙa'idar Turai ma suna faɗa da kansu: idan ka ga kibiya mai kai ɗaya kusa da tambarin E a jikin gilashin, ta masu tuƙi a hagu ce.

Launi kuma kada ya ruɗe ku. Lambar da ke jikin kwali, 4300K ko 6000K ko 8000K, launi take nunawa, ba ƙarfi ba. Masu ƙera mota wajen 4300K suke sa zenon ɗinsu don a nan ya fi ba da haske, duk abin da ya haura kuwa shuɗi yake ƙarawa yana rage gani. Mu da muke da hazon hunturu wata da watanni, mai 8000K ado ya saya.

Kafin ma a kai ga buɗe komai, ƙanena ɗan rewaya, tambayi kanka ko motar nan tana bukatar wannan aiki. Fijo 504 ta iyayenmu gilashin gaske ne a fitilarta. Motocin yanzu roba ce mai ƙarfi da aka shafa wa wani siririn rufi don kare ta daga rana, kuma ranarmu tana cinye rufin nan, robar ta koma ruwan ɗorawa ta dushe. Sau da yawa wannan ne kaɗai ciwon. A goge da samfefa mai laushi da ruwa, a sake fesa rufin kariya. Masu gogewa a bakin titi da yawa suna tsayawa a gugar, shi ya sa bayan 'yan watanni take komawa fiye da da. Abu na biyu, ɗauki mita ka auna wutar da ke isa bayan ƙwan, ka kwatanta da ta kan batir. Ƙwan halojin yana da tsananin jin raguwar wuta: idan ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa yana faɗuwa da wajen kashi 30. Tsohuwar waya, soket da ya ƙone, as da ya yi tsatsa. Ka gyara waɗannan, wataƙila mutumin ya ce ya gode, ya isa. Kuɗin da za ka samu kaɗan ne, amma gobe shi zai kawo maka ɗan'uwansa.

Idan kuwa an tsaya a kan sai an sa furojekta, to buɗewar tana son haƙuri. Yawancin motoci sai ka sauke bamba kafin fitila ta fito. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance kowane abu. Cire ƙwai, cire robobin baya, cire maƙalai, ka zagaya bakin fitilar sau biyu kana neman ƙananan sukurori, don kusan kullum akwai ɗaya da ya ɓuya a kusurwa, kuma shi ne ke fasa wa mai gaggawa gilashi. Abin da ya riƙe gilashin da jikin fitilar wani baƙin danƙo ne da ake kira butil, yana kwance a cikin kwari da ya zagaye baki. Da sanyi yana da tauri, da zafi yana yin laushi. Masu obin suna sa fitilar a zafin digiri 100 zuwa 120 na kamar minti goma, a kan katako, ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Obin ɗin aiki nake nufi. Wanda ya kai fitila obin ɗin da Hajiya ke gasa cincin da kek, shi ya san abin da zai tarar. Wanda ba shi da obin ya yi amfani da na'urar hura iska mai zafi, ya riƙe ta nesa da taƙi guda, ya yi ta zagayawa ba tsayawa. Na ga inda ake kara fitila a kan risho ko gawayi. Kada ka yi, robar za ta kumbura ko ta lanƙwashe, kuma bakin da ya lanƙwashe ba ya sake haɗuwa.

In danƙon ya yi laushi, fara daga kusurwa guda da sukundireba mai faɗi, ka ɗaga kaɗan, sauran ka ja da hannu a hankali. Danƙon zai riƙa miƙewa zare-zare tsakanin ɓangarorin biyu. Yanke zaren da reza tun yana gajere, don idan ya faɗa kan sheƙin ciki ya manne, ba ka da yadda za ka cire shi ba tare da tabo ba. In ya fara tauri, mayar da zafi, kada ka yi kokawa da shi. Akwai kuma fitilun da aka liƙe da wani gam mai tauri wanda zafi ba ya narkarwa, musamman a sababbin motoci. Idan ka ɗumama sau biyu bai motsa ba, tsaya. Wannan sai an sare shi kaɗan-kaɗan ko an yanka, aiki ne na yini guda mai haɗarin fashewa. Kira mai motar ka gaya masa tun kafin ka ci gaba.

Da zarar ta buɗe, komai na ciki ya zama abin lallaɓawa. Sheƙin da kake gani siririn alminiyom ne da aka turara a kan roba, tsumma ɗaya yana ɗauke shi. Kada ka goge shi, kada yatsa ya taɓa shi. Cikin gilashin ma ba shi da rufin da ke waje, da wuri yake karcewa, kuma fetur ko tina suna tsattsaga shi nan take. Sa safar hannu. Yi aikin a cikin ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, abin da ba ka aiki a kansa ka rufe shi da leda mai tsabta. Ƙwayar ƙura ɗaya da shatin yatsa ɗaya a kan gilashin furojekta, da rana ba a gani, da dare kuwa suna nan kullum a gaban mai motar, kuma ka riga ka liƙe.

Ƙananan furojektoci masu inci biyu da rabi suna da wutsiya mai zare da ke shiga ta ramin tsohon ƙwai a ɗaure da noti ta baya. Duba ko gabanta ba zai tokari gilashin waje ba, ka kuma tabbata sukurorin saiti na asali suna juyawa, don da su za a ɗaga ko a sauke hasken daga baya. Sannan ga matakin da masu gaggawa ke tsallakewa: mayar da fitilun biyu jikin motar a buɗe, ba gilashi, ka kunna a gaban bango. Juya kowace furojekta har layinta ya kwanta daidai, na hagu da na dama su yi kai ɗaya. In mai dim da ful ce, buga ful sau da yawa ka ji farantin ciki yana ƙas-ƙas yana sauka yana dawowa. Sai komai ya yi sannan ka ɗaure notin ƙam. Layin da ya karkace ba a gyara shi daga waje.

Yanzu liƙewa, wadda ita ce ke raba gwani da mai koyo, duk da babu wanda zai yaba maka a ranar. Kankare tsohon danƙon da ya ɗauki ƙura daga cikin kwarin. Kawo sabon butil, wanda ake sayarwa a nannaɗe, ka shimfiɗa shi a cikin kwarin zagaye ɗaya ba yankewa, ka ɗan ja shi don kaurinsa ya yi daidai da kwarin, bakunan biyu su haɗu ta ƙasa su ɗan hau juna. In ya yi yawa gilashin ba zai zauna ba, in ya yi kaɗan ruwa zai sami hanya. Ɗora gilashin, sake ɗumamawa, matsa ko'ina da hannu har kowane maƙali ya shiga wurinsa, mayar da sukurori tun da zafi, ka kama kusurwoyi da matsi har ta huce. Kusurwar sama ta wajen taya ka fi kula da ita, don ruwan da ke gangarowa daga bonet nan yake bi.

Na san abin da ke kusa da hannu: silikon na masu gilashin taga, sufa gulu, gam mai haɗi biyu. Araha ba ta ado. Silikon ɗin nan mai warin tsami yana fitar da tururi yayin da yake bushewa, tururin ya kwanta a kan sheƙi da cikin gilashi ya bar hazo. Ba ya kuma kama irin robar da ake yin bayan fitila da ita, sai ya yi kamar ya kama, zafi da girgizar hanya su ɓamɓare shi a ɓoye. Sufa gulu yana mayar da gilashin fari. Gam mai tauri kuma yana rufe ƙofa ga duk wanda zai buɗe bayanka, wanda wataƙila kai ne. Butil zafi kaɗai yake jira ya sake buɗuwa.

Fitila kuma tana numfashi. A bayanta akwai ƙananan ramuka, wasu da lanƙwasasshiyar roba, wasu da ɗan yadi mai tace ƙura. Idan ƙwai ya yi zafi iskar ciki tana faɗaɗa ta fita, in ya huce sabuwa ta shiga, danshi yana bin wannan hanyar ya fice. Yaro mai son burgewa yakan toshe su da gam yana cewa ya hana ruwa shiga, sai ya kulle danshin a ciki. Ɗan gumi a kusurwar gilashi da safiyar damina, wanda ke ɓacewa in an kunna wuta ko rana ta fito, ba ciwo ba ne. Ɗigo masu gangarowa, ko ruwa kwance a ƙasan fitila, yoyo ne, kuma huda rami da ƙusa ba maganinsa ba ne. In kana da zaɓi, liƙe fitila a busasshiyar rana, kada ka rufe iskar Agusta a ciki. Murfin roba na baya ma dole ya koma. Idan ƙwan LED mai fanka ya hana shi rufuwa, nemi murfi mai zurfi, inda waya ta ratsa kuma ka sa mata zoben roba. Fitilar da aka bari a buɗe ta baya, hunturu ɗaya ya isa ya shafe sheƙinta da jar ƙasa. Kafin ka mayar da bamba, zuba mata ruwa da bokiti ta kowane gefe, ka jira, ka leƙa.

Maganar waya ba sai na koya wa ɗan rewaya ba, illa tuni. Ja wuta daga batir ta rile, fis yana kusa da batir, ka daina murɗa waya da hannu kana naɗe ta da salatif. Akwatin zenon, balas, yana harba sama da bolt 20,000 a lokacin kunnawa, don haka hannunka ya yi nesa, ka kuma ɗaure shi inda ruwan taya ba ya kaiwa.

Saura saiti, kuma da dare ake yin sa. Nemi fili mai lebur da bango, tayoyi da iskarsu daidai. Auna tsawon tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango da alli, ka ja motar baya mita 10. A jikin fitilu da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%, ma'ana a mita 10 layin ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamarka. Ka tuna kuma yadda muke loda mota. Golf ko Sharon da aka danƙara wa buhuna a but, bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, dim ta koma ful. Saboda haka ne a Turai doka ta ce fitilar da tushen haskenta ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da na'urar da ke daidaita ta da kanta da kuma mai wanke gilashinta. Taka ba ta da wannan, to ka bar mata rata ta ƙasa. Motocin Beljiyam da yawa suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, da lambobi daga 0 zuwa 3. Na sauke fitila ne idan an yi lodi. Nuna wa mai motar, da yawa sun shekara da mota ba su san aikinsa ba.

Kai mai mota, kada ka karɓi aikinka da rana tsaka. Dawo bayan magariba, a haska bango a gabanka, ka ga layin da idonka. Daga nan ka bar wani a kujerar direba, ka taka mita talatin gaba, ka ɗan durƙusa daidai tsawon mai zaune a ƙaramar mota, ka juyo. Idan ka runtse ido, aikin bai ƙare ba. Tambayi da me aka liƙe, ka kuma biya kuɗin butil ba tare da ciniki ba.

Kai kuma ƙanena, wata rana wani zai zo da kuɗinsa a hannu ya ce shi dai wadda ta fi kashe ido yake so, kada a sauke masa ita. Yi masa bayani sau ɗaya cikin ladabi, ka ce, “Yallaɓai, zan sa maka wadda za ka ga nesa da ita, amma ba zan ɗaga ta ba.” In ya ƙi, bar shi ya je gaba. Wanda ya yarda kuwa, karɓi lambarsa, ka ce ya kawo maka motar bayan ruwan farko ka duba ta kyauta.